Ina leza za ta sauka? Batun saiti a aikin idon masu lambar ƙari

Tallar aikin ido da leza ta cika wayoyinmu. Kana buɗe Facebook ko TikTok sai ka ci karo da ita: asibiti a Alƙahira, ko Tunis, ko Istanbul, ko wani birni na Indiya, an nuno mutum ya sauko daga gadon aiki yana murmushi, ya ajiye tabarau. A nan Maradi, inda tafiya ba baƙuwar ƴan kasuwa ba ce, maganar ta wuce kallo a waya, akwai masu haɗa ta da tafiyar sarin kaya ko ta duba lafiya. Aikin na gaskiya ne, miliyoyin mutane sun yi shi sun ji daɗinsa. Abin da ke damuna shi ne tallar tana yi wa kowa kuɗin goro, alhali wanda takardar tabarau ɗinsa ke ɗauke da alamar ragi (−) da wanda tasa ke ɗauke da alamar ƙari (+) ba aiki ɗaya ake yi musu ba. Na masu ƙari ya fi wuya, kuma babban ɓangaren wuyar yana tattare a tambaya guda: wane ɗigo ne a kan ido za a ɗauka a matsayin tsakiya? Tazarar da ake gardama a kanta ba ta cika wuce rabin milimita ba, amma idan ta kai haka ko ta wuce, ita ke iya raba wanda ya dawo yana godiya da wanda ya dawo yana ganin fitila da jela.

Idon babban mutum, daga gaba zuwa baya, tsawonsa milimita 23 zuwa 24 ne. Haske na shiga ta korniya, ɓawon nan garai-garai da ya rufe baƙin ido, ya ratsa tagar ido, wato ɗigon da ke tsukewa a rana ya buɗe a duhu, ya bi ta madubin da ke ciki, ya haɗu a kan tantanin bayan ido. Cikin ƙarfin ido na kusan diyofta 60, korniya ita kaɗai ke da wajen 43. Diyofta ita ce lambar da ake rubuta maka a takarda, +2 ko −3. Mai lambar ƙari idonsa ya ɗan gaza tsawo, ko korniyarsa ba ta yi tudu yadda ya kamata ba, sai haske ya isa tantanin tun bai gama haɗuwa ba. Gajartar milimita ɗaya tak tana kawo kusan diyofta 3. Yaro da saurayi sukan ɓoye wannan da ƙoƙarin tsokar cikin ido, sai dai ciwon kai da gajiya bayan karatu. Da shekaru suka ja, madubin ciki ya taurara, ganin kusa ya fara dushewa, daga baya na nesa ya bi sahu.

Lezar da ake gyaran da ita ba ta ƙara wa ido komai, ragewa kawai ta iya. Ana kiranta eksaima, haskenta na da tsawon zango nanomita 193, kuma kowane bugu ɗaya yana ɗebe kusan rubu'in maikiron (maikiron ɗaya kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita) daga korniyar da kaurinta a tsakiya bai wuce maikiron 540 zuwa 550 ba, ɗan sama da rabin milimita ke nan. Masu bincike na kamfanin IBM ne suka gano tana yanka nama ba tare da ƙona gefensa ba, Stephen Trokel ya wallafa gwajinta a kan korniya a 1983, Marguerite McDonald ta yi wa ido mai gani aikin farko a 1988, Ioannis Pallikaris na ƙasar Girka kuma ya kawo hanyar aikin da ake kira LASIK wajen 1990. Da masu ragi aka fara, domin nasu a bayyane yake: korniya ta yi tudu da yawa, a aske tsakiyarta ta kwanta.

Mai ƙari kuwa tudu ake so a ƙara masa, da injin da ba ya iya ƙari. Dabarar irin ta masassaƙi ce idan yana son kan taɓarya ya yi ƙululu: ba ya liƙa masa itace, gefe yake bi da gizago har tsakiyar ta fito. Haka leza ke barin tsakiyar korniya kusan ba ta taɓa ta ba, ta haƙa kwari a kewaye, mafi zurfinsa a bakin da'ira mai faɗin milimita 6 zuwa 7, sannan ta sassauta gangaren zuwa waje har faɗin aikin duka ya kai wajen milimita 9. Korniyar gaba ɗaya faɗinta milimita 11.5 zuwa 12 ne, ka ga saura kaɗan a taɓa ko'ina.

Daga wannan siffa matsalar ke tasowa. A aikin mai ragi an samu fili shimfiɗaɗɗe a tsakiya. Idan ya ɗan gusa, layin gani na nan a cikin filin. A aikin mai ƙari an samu ƙololuwa da gangare ta kowane gefe, kuma yankin da ke ba da gani mai kyau yakan fito ƙasa da faɗin da aka tsara, musamman idan lambar ta yi yawa. Idan ƙololuwar ta gusa, mutum ta kan gangare yake kallon duniya: hasken da ya shigo ta wannan gefe ya lanƙwasa fiye da wanda ya shigo ta wancan, ba za su taɓa haɗuwa a ɗigo ɗaya ba. Ga shi aikin ya fi ɗaukar lokaci a kan kowace diyofta saboda faɗinsa, ido ya sami damar yawo. Ga shi da yawa daga masu lambar ƙari mai nauyi suna da ido ɗaya da bai koyi gani sosai ba tun ƙuruciya, irin wannan ido ba ya iya kafewa a kan fitilar da ake cewa ya kalla.

To, mutum zai ce ai sai a saita a tsakiyar ido. Wace tsakiyar? Ka gwada wannan a gida. Ka zaunar da ɗan'uwanka a inuwa, ka rufe idonka ɗaya, ka riƙe fitilar waya dab da wanda ke buɗe, tazarar kamu biyu ko uku daga fuskarsa, ka ce ya kalli fitilar. Za ka ga ɗan ƙyalli fari a kan baƙin idonsa. Duba da kyau: a wurin yawancin mutane ƙyallin ba ya zama daidai tsakiyar taga, yana ɗan karkata wajen hanci. A idon dama haka, a na hagu ma haka.

Dalili yana bayan ido. Ɗan gurbin da muke karatu da gane fuska da shi a kan tantanin ba ya kan layin da ya ratsa tsakiyar ido, yana gefen kunne da kusan digiri 5. Domin hoton abin da kake kallo ya sauka a wannan gurbi, dole ido ya ɗan juya waje, sai layin gani ya ratsa korniya ta gefen hanci. Wannan saɓani tsakanin layin gani da layin tsakiyar taga shi likitoci ke kira kusurwar kappa. A kan korniya tazarar takan kasance milimita 0.2 zuwa 0.3 a yawancin mutane. A gajeren ido kusurwar na ƙaruwa, shi ya sa a masu lambar ƙari ba abin mamaki ba ne tazarar ta kai 0.5 ko ta wuce. Wato mutanen da aikinsu ya fi ƙin kuskuren saiti su ne kuma tsakiyoyinsu biyu suka fi nisa da juna. Idan kusurwar ta yi girma sosai har akan zaci mutum harara-garke ne alhali idonsa daidai yake. Wannan daban yake da yaro mai lambar ƙari da idonsa ke shigewa ciki wajen hanci. Shi wannan karkata ce ta gaske, a kai shi asibitin ido tun yana ƙarami, sau da yawa tabarau kaɗai ke miƙar da idon.

Likitoci sun daɗe suna ja-in-ja a kan wadda za a bi. A 1987 Hiroshi Uozato da David Guyton suka ce a saita a tsakiyar taga. Hujjarsu mai ƙarfi ce: hasken da ya wuce ta taga shi kaɗai ke isa bayan ido, saboda haka gyaran ya kamata ya lulluɓe tagar daidai wa daida. A 1993 Pande da Hillman suka ce a'a, ƙyallin nan da ake gani idan mara lafiya da fitila da idon likita suna kan layi ɗaya shi ya fi kusa da inda layin gani ke ratsa korniya. Masu wannan ra'ayi suna ƙara da cewa tsakiyar taga ba a kafe take ba. Idan taga ta buɗe a duhu tsakiyarta na gusawa, galibi wajen kunne, da kashi ɗaya zuwa uku cikin goma na milimita, a wasu fiye da haka. Abin da ke sauya wuri tsakanin hantsi da isha'i, da wuya a dogara da shi wajen gyaran da zai zauna har ƙarshen rayuwa.

A aikin masu ragi gardamar ba ta cika yin zafi ba, tunda tsakiyoyin biyu kusan a haɗe suke. A na masu ƙari ne aka ga bambanci, kuma nauyin hujja ya karkata wajen ƙyallin. Binciken da ya fi gamsar da ni shi ne wanda Dan Reinstein da abokan aikinsa na Landan suka wallafa a 2013. Sun ɗauki idanu masu lambar ƙari da aka saita duka a kan ƙyallin, suka raba su biyu, masu ƙaramar kappa da masu babba. Da a ce tsakiyar taga ce daidai, ya kamata masu babbar kappa su fi shan wahala, tunda su aka fi nisantawa daga tagar. Ba a ga haka ba, rukunan biyu sun yi kunnen doki a kyan gani da rana da kuma da dare. Duk da haka hujjar masu taga ba ta mutu ba. Idan aka matsa gyaran wajen hanci, da dare gefen tagar da ke wajen kunne na iya leƙawa waje da yankin da aka gyara. Shi ya sa ake faɗaɗa yankin zuwa milimita 6.5 ko 7, kuma idan tazarar ta yi yawa likitoci da dama sukan zaɓi wani ɗigo tsakanin biyun, rabin hanya ko fiye wajen ƙyallin. Hukunci ne da ake yanke wa kowane ido shi kaɗai.

A tallace-tallace za ka ji ana kurara na'urar bin ido, wadda a sababbin injuna ke duba inda ido yake fiye da sau 1000 a sakan ɗaya, ta karkata lezar ta bi shi, ta tsaya idan ya yi nisa. Babban ci gaba ne, ba na raina shi. Amma a fahimci aikinta: gadin ɗigon da aka ba ta take yi. Tagar ido take gani, kuma idan ba a shigar mata da tazarar kappa ba, a tsakiyar tagar za ta tsare aikin daga farko har ƙarshe, cikin cikakkiyar ƙwarewa, a wurin da bai dace da wannan ido ba. Akwai kuma murɗawar da ido ke yi idan mutum ya kwanta, digiri 2 zuwa 4 a yawanci, a wasu fiye da 10. Wannan ya shafi mai silinda a takardarsa, wato lamba ta biyu da ake rubuta wa wanda korniyarsa ta fi lanƙwasa ta wani gefe fiye da wani: kuskuren digiri 10 yana barin kusan sulusin silindar ba a gyara ba, na digiri 30 kuwa kamar ba a taɓa ta ba. Injunan zamani suna gane zanen baƙin ido su gyara murɗawar, in dai an ɗauki hoton tun mutum na zaune.

Hanyoyin aikin uku ne sanannu. A PRK ana kankare siririyar fatar saman korniya a yi aikin a fili; warkewa na ɗaukar kwanaki da zafi, kuma a masu ƙari akwai haɗarin hazo a zoben da aka haƙa. A LASIK ana ɗaga ɗan murfi, a yi aikin a ƙarƙashinsa, a mayar. A nan saiti biyu ne, na murfin da na lezar: murfin dole ya yi faɗi, wajen milimita 9, kuma ya bi inda aka matsa gyaran, in ba haka ba bugun gefe ya sauka a bakin murfi ko a maƙalarsa. Duka biyun suna da na'urar bin ido.

Ta ukun, SMILE, ita ce ta sake tada maganar. Wata leza ce daban ke yanka ɗan faifai a cikin naman korniya, likita ya zaro shi ta kafar milimita 2 zuwa 4. Kafin yankan, ana sauko da ɗan gilashi a kan ido, mara lafiya na kallon koriyar fitila mai ƙiftawa, da zarar likita ya gamsu sai injin ya tsotse idon ya riƙe shi. Babu na'urar bin ido, domin ido ba ya motsi kuma. Duk saitin a wannan ƴan sakanni yake, kuma a injunan farko idan an riƙe a karkace babu gyara sai dai a saki a sake. Saboda haka mutane da yawa suka yi zaton SMILE ba za ta yi wa masu ƙari ba. An gwada a cibiyar ido ta Tilganga da ke Katmandu a ƙasar Nepal, ƙarƙashin Kishore Pradhan da Reinstein, aka wallafa sakamakon saitin a 2017: matsakaicin kaucewa daga ƙololuwar korniya, wato inda ƙyallin nan yake, kusan rubu'in milimita ne a SMILE, a LASIK ɗin da aka kwatanta da shi kuwa kusan sulusi. Bayanin da ake bayarwa mai ma'ana ne: idon da ke kallon fitilar da gaske, da kansa yake jera layin ganinsa da injin. Sabon injin kamfanin Zeiss ya zo da taimakon kwamfuta wajen wannan saiti. Sai dai a riƙa tunawa cewa sakamakon ƙwararrun da suka ƙirƙiro hanya ne, a kan marasa lafiyar da suka zaɓa suka kuma yi wa bayani da harshensu. A fagen masu ƙari SMILE sabuwa ce, LASIK ce ke da dogon tarihi.

Maganar harshe ba ƙarama ba ce a gare mu. Bamaraɗen da ke kwance a ɗakin aiki a Alƙahira ko Delhi, an ɗaure fatar idonsa da ƙarfe, ana yi masa magana da Larabci ko Ingilishi, aikinsa ɗaya ne: ya kafe ido a fitilar, kuma idan ta dushe ko ta ɓace kada ya bi ta nema. Idan bai fahimci wannan ba tun a waje, ko tafinta ya tsaya a bakin ƙofa, an raunana saitin tun ba a kunna leza ba.

Wanda aikinsa ya kauce yakan karanta allon gwaji ba laifi da rana, har a ce masa ai an yi nasara. Da dare ne abin ke fitowa. Fitilar mota ta yi jela gefe guda, harafi ya yi inuwa, wata ya zama biyu ko da an rufe ido ɗaya. Likitoci na kiran wannan "coma" da Turanci, kuma tabarau ba ya gyara shi, domin tabarau lamba da silinda kawai ya sani. Ka auna wannan da mai tuƙi tsakanin Maradi da Ɗan Isa bayan magariba, manyan motoci na tahowa da cikakkiyar wuta, ƴan kabu-kabu na kutsawa ta gefe. Ana gane kaucewar ta hanyar ɗora taswirar korniya, wato hoton da ke nuna tudunta da kwarinta, ta bayan aiki a kan ta kafin aiki. Ƙasa da rabin milimita galibi ba a jin komai. Milimita ɗaya kuwa matsala ce babba. Akwai gyara: a sake aiki da lezar da ke bin taswirar korniya, ko a sa ɗan gilashi mai tauri da ake ɗorawa a kan ido. Amma kowane gyaran leza sabon ɗiban nama ne, wanda aka ɗebe kuma ba ya dawowa.

Taswirar nan da komai ya rataya a kanta, a kan ruwan hawayen da ya lulluɓe korniya ake ɗaukarta: na'ura na haska zobba a ido ta karanta yadda suka dawo. Idan ido ya bushe zobban na kakkaryewa, tsakiyarsu ta yi rawa. Mu kuwa mutanen ƙura da iskar hunturu ne. Tsokar nan da ke tsirowa daga farin ido ta hau baƙinsa, wadda rana da ƙura ke haddasawa, galibi ta gefen hanci take zuwa, gefen da ake matsa gyaran mai ƙari, kuma tana jan korniya ta sauya mata siffa. Wanda ya yi amodari yana yaro na iya samun tabo a cikin fatar ido da ƙarancin hawaye. Duk waɗannan sai an magance su kafin a yi awo, kuma ana iya fara wannan a asibitin ido a nan gida tun kafin a sayi tikiti. Haka ma gwajin lamba da maganin ɗigawa mai kwantar da tsokar ido, domin a fito da ƙarin da ido ke ɓoyewa, da duba ko kusurwar magudanar ruwan ido ta yi ƙunci, abin da ya fi yawa a gajeren ido kuma yake iya jawo hawan jinin ido farat ɗaya.

Tsarin da ake sauka yau, a auna gobe da safe, a yi aiki da yamma, a hau jirgi jibi, ni ban yarda da shi ga mai lambar ƙari ba. A maimaita awon a rana ta daban a ga ko lambobin sun yi daidai da juna. Kuma a yi tambaya, ba rashin kunya ba ne: "Likita, nawa ne tazarar kappa a idona, kuma a ina za ka saita?" Wanda ya san aikinsa zai juyo maka da allon ya ce, "Alhaji, ga tsakiyar tagarka, ga ƙololuwar korniya, ga inda zan tsaya, ga dalilina." Wanda ya amsa da cewa injin ne ke yin komai, ya gaya maka abin da kake buƙatar sani game da shi.

Lambar kanta tana da iyaka. Hukumar FDA mai kula da magunguna da kayan asibiti a Amurka ta amince wa wasu injuna har +6, amma likitoci da yawa suna tsayawa a +3 ko +4, kuma suna gudun tudun korniya ya haura diyofta 49 zuwa 50 bayan aiki. Fatar saman korniya takan yi ƙoƙarin cike kwarin da aka haƙa ta kuma yi siriri a ƙololuwa, shi ya sa wani ɓangare na lambar ke dawowa bayan watanni ko shekaru. Wanda ya haura 40 ya sani cewa gyaran nesa ba zai raba shi da tabarau na karatu ba, sai in an tsara ido ɗaya don kusa. Ga mai +5 da ya haura 50, sauya madubin cikin ido, irin aikin da ake yi wa masu yana, ya fi dacewa sau da yawa. Ga mutane da dama kuma, tabarau mai kyau da aka auna tazarar idanu daidai ya wadatar, babu abin kunya a cikinsa.

Wanda ya yi aikin, kada ya baro asibitin sai da takardunsa: taswirar kafin aiki da ta bayansa, lambar da aka gyara, faɗin yankin, da ɗigon da aka saita a kai, a takarda da kuma a waya. Ranar da yana ta zo, lissafin ƙarfin madubin da za a dasa ba ya tafiya daidai a idon da leza ta sauya wa siffa. Akwai hanyoyin lissafi na musamman irin su Barrett True-K da Haigis-L, amma sai likita ya san an yi leza, kuma ta ƙari ce ko ta ragi. Idan taswirar ta nuna an kauce, wannan ma zai hana shi dasa madubi mai ganin kusa da nesa a haɗe, wanda ba ya jure korniyar da ba ta kan saiti.